Ƙungiyoyin da ke tallafa wa wasannin masu nakasa: ta wace ƙofa ɗan Daura zai shiga?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Daura ne. Ina da ƙane ɗan shekara 17 wanda shan-inna ta taɓa ƙafafunsa biyu tun yana ƙarami, amma Allah ya ba shi ƙarfin hannu da ƙirji. Shi da abokansa kusan goma, galibi guragu, da makafi biyu, kullum bayan la'asar suna taruwa a bakin shagon wani mai walda suna buga ƙwallo da hannu. Na ji an ce a ƙasashen waje akwai ƙungiyoyin jinƙai na ƙasa baki ɗaya waɗanda aikinsu shi ne tallafa wa wasannin nakasassu. Shin muna da irinsu a Najeriya? In akwai, ta yaya za mu same su, kuma me za su iya yi mana?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri bisa tsayuwar da ka yi wa ƙanenka. In na fahimce ka, abu uku kake tambaya: ko akwai ƙungiyoyin, ina hanyar zuwa gare su, kuma mene ne a hannunsu. Amsar a taƙaice ita ce akwai su, sai dai tsarinsu a nan ya bambanta da wanda ka ji labari, kuma kusan babu wadda ke hulɗa da mutum ɗaya shi kaɗai. Da ƙungiya suke magana. Don haka aikin farko yana Daura, a bakin shagon nan na mai walda, kafin a kai ga Abuja ko Legas.

Inda abin ya samo asali

Labarin da ka ji gaskiya ne, kuma mafi yawansa daga Ingila ya fito. A shekarar 1948 wani likita mai suna Ludwig Guttmann, wanda ke kula da sojojin da suka samu rauni a laka a asibitin Stoke Mandeville, ya shirya wa majinyatansa 16 gasar harbin baka. Daga wannan ɗan taro aka kai ga gasar Faralimfik, wato Olimfik ta masu nakasa, ta farko a birnin Rum a 1960, inda 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23 suka halarta. A can Ingila har yau akwai ƙungiyoyin jinƙai da suka raba aikin a tsakaninsu: WheelPower tana kula da masu amfani da keke, British Blind Sport tana kula da makafi, LimbPower kuma da waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa. Kuɗinsu yana fitowa daga gudummawar jama'a da kamfanoni da tallafin hukumomin wasanni. Abin da za ka riƙe shi ne, irin waɗannan an kafa su ne don mutanen ƙasarsu. Wasiƙa daga Daura zuwa gare su da wuya ta haifar da komai.

A Najeriya, aikin da waɗancan ke yi ya rabu gida uku. Gida na farko shi ne Kwamitin Faralimfik na Najeriya da hukumomin wasanni ɗai-ɗai da ke aiki tare da shi, kamar ta ɗaga ƙarfe, ta guje-guje da jefe-jefe, ta ƙwallon tebur da ta ƙwallon kwando a kan keke. Waɗannan ba gidauniyar raba kaya ba ne. Aikinsu shirya gasa, tantance 'yan wasa da zaɓen masu wakiltar ƙasa, kuma yawancin kuɗinsu daga gwamnati yake zuwa, ta hannun Hukumar Wasanni ta Ƙasa wadda ta maye gurbin ma'aikatar wasanni a 2024. Gida na biyu su ne ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su Special Olympics Nigeria, reshen wata ƙungiya da aka kafa a Amurka a 1968, wadda ke aiki da masu lalurar jinkirin fahimta kaɗai, daga shekara 8 zuwa sama. Yaranku ba sa cikin hurumin wannan, amma in a unguwarku akwai masu irin lalurar, ita ce ƙofarsu. Kurame ma suna da tasu hukumar daban, domin ba sa shiga Faralimfik. Gasarsu ta duniya ta girme ta, tun 1924 aka fara ta a Faris. Gida na uku su ne ƙungiyoyin masu nakasa su kansu, ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa JONAPWD, wadda ke da rassa a jihohi.

Akwai wasa ɗaya da ya kamata ka sani domin namu ne na Arewa, kuma shi ne abin da yaran nan ke yi ba tare da sun san sunansa ba. Ƙwallon guragu, wanda ake zama a kan katako mai ƙananan tayoyi ana buga ƙwallo da hannu, Misbahu Lawan Didi na Kano ne ya ƙirƙiro shi a 1988, shi ma shan-inna ce ta same shi. Wasan yana da hukumarsa ta ƙasa, kuma an saba shirya gasarsa a daidai Ranar Yaƙi da Shan-inna ta Duniya, 24 ga Oktoba, da hannun ƙungiyoyi irin su Rotary. Amma ka san cewa ba ya cikin wasannin Faralimfik. Yana haɗa kan yara, yana fito da su idon jama'a, sai dai wanda ke hangen lambar yabo ta duniya dole ya haɗa da wani wasan.

Wasan da ya dace da ƙanenka

A nan zan ɗan tsaya, domin kuskuren da ya fi kashe ƙananan ƙungiyoyi shi ne zaɓen wasan da ba za su iya riƙewa ba. Kowa idonsa na kan ƙwallon kwando a kan keke saboda kyan kallo. To, keken wasan ba irin na asibiti ba ne, kuma ba irin keken guragu mai taya uku da ake tuƙawa da hannu ba ne. Tayoyinsa a karkace suke daga sama zuwa ƙasa don saurin juyawa, yana da ƙaramar taya a baya don kada ya kife, ga ƙarfen kariya a gaba. Ana buƙatar aƙalla goma kafin a yi atisaye na gaske, biyar-biyar, ga fili mai santsi, ga tayoyi da boris da ke lalacewa kullum. Ƙungiyar da ba ta da asusun gyara, in an ba ta kekunan kyauta, kafin shekara ta zagayo rabi sun zama tarkace a sito.

Ga yaro mai shan-inna a ƙafafu da ƙarfi a ƙirji, ni shawarata ɗaga ƙarfe a kwance. A nan ne Najeriya ta fi kowane fanni suna. Tun zuwanmu na farko a Barcelona a 1992, inda aka ci zinare 3, ɗaya daga ciki a ɗaga ƙarfe aka samo shi. A Landan a 2012 Yakubu Adesokan, mai nauyin da bai wuce kilo 48 ba, ya ɗaga kilo 180 ya kafa tarihin duniya. A Rio a 2016 ƙasar ta dawo da zinare 8, a Faris a 2024 kuma zinare 2 da aka samu duka mata ne suka ciwo su a ɗaga ƙarfe, Onyinyechi Mark da Folashade Oluwafemiayo. Da yawa daga cikin waɗannan zaratan shan-inna ce ta taɓa su, kamar ƙanenka.

Kayan wasan kuma mai waldar nan naku zai iya haɗa mafi yawansu. Bencin gasa tsawonsa mita 2.1 ne, faɗinsa kusan santimita 60, ya tsuke zuwa kusan 30 ta wajen kai don kafaɗu su samu sakewa, tsayinsa daga ƙasa bai wuce santimita 50 ba. Ɗan wasa yana kwanciya ne ƙafafunsa a miƙe a kan bencin, ana iya ɗaure su da maɗauri. Sandar ƙarfen kilo 20 ce. Ita kam a saya ta gaske, kada a yi ta da bututun ruwa da siminti a gwangwani, domin tana lanƙwashewa kuma nauyin ɓangarorin ba ya zuwa daidai, wanda shi ke jawo ciwon kafaɗa. Ƙa'idar ɗagawa: a sauko da sandar a hankali har ta taɓa ƙirji, a tsaya cak, sannan a tura sama hannu biyu su miƙe tare. Alƙalai uku ne, kuma ƙoƙari uku ake ba kowa. Abin da ya fi kayar da sababbi shi ne buga sandar a ƙirji ta yi tsalle, ko hannu ɗaya ya riga ɗaya miƙewa. Duk wanda ya saba da haka a gida, ranar gasa zai ɗaga nauyin amma a ba shi jar fitila, wato a soke ɗagawar. Kuma ko da wasa kada yaro ya kwanta ƙarƙashin ƙarfe ba tare da mutum biyu a gefe ɗaya-ɗaya masu tarewa ba. Kwana uku a mako ya isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani.

Jefe-jefe ma suna da sauƙi: jifan mashi, jifan faifai da jifan dalma, a zaune kan kujerar ƙarfe da tsayinta bai wuce santimita 75 ba, a ɗaure ta da igiyoyi a turaku don kada ta motsa. Ƙwallon raga a zaune kuwa fili ne mai mita 10 da 6, raga mai tsayin mita 1.15 ga maza, 1.05 ga mata. Ƙwallon tebur tebur ɗaya ya ishi mutum takwas su yi ta karɓa-karɓa.

Makafin nan biyu kada a bar su a matsayin 'yan rakiya. Wasansu shi ne golbol: mutum uku-uku, fili mai mita 18 da 9, ƙwallo mai nauyin kilo 1.25 da ƙararrawa a ciki, kowa an rufe masa ido don a daidaita mai ɗan gani da marar gani sam. Layukan filin ana shimfiɗa igiya ne a manne ta da salatif don a ji da hannu. Wurin ya zama shiru, don da kunne ake wasan, saboda haka bakin titi ko kusa da injin walda ba zai yi ba. Tunda su biyu ne, ku nemi haɗin gwiwa da makarantar makafi da ke Katsina ko jama'ar Sarkin Makafi. In sun fi son gudu, sai a samo musu mai ja-gora da za su riƙe ɗan igiya tare, kuma dole mai ja-gorar ya fi ɗan wasan sauri.

Tantancewa, abin da ba a tsallake shi

Babu wanda ke shiga gasa ta hukuma sai an tantance shi an sa shi a aji, don kada a haɗa mai ƙaramar nakasa da mai babba. A guje-guje da jefe-jefe, aji 11 zuwa 13 na masu lalurar gani ne, 51 zuwa 57 na masu wasa a zaune. A ƙwallon tebur, 1 zuwa 5 na masu keke ne, 6 zuwa 10 na masu tsayuwa. A ƙwallon kwando kowane ɗan wasa ana ba shi maki daga 1 zuwa 4.5, kuma jimillar mutum biyar da ke fili kada ta wuce 14. Ɗaga ƙarfe ya fi sauƙi, domin da zarar an tabbatar nakasar ta cancanta, nauyin jiki ne kawai ke raba aji.

Ba zan iya faɗa maka ajin ƙanenka daga wasiƙa ba, kuma duk wanda ya faɗa maka ba tare da ya gwada ƙarfin gaɓoɓinsa ba, hasashe yake. Abin da za ka iya yi tun yanzu shi ne tanadar takardar likita da ta fayyace sunan lalurar, gaɓoɓin da ta shafa da lokacin da ta fara. Sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, za su iya wannan. Makafi kuma sakamakon gwajin ido daga likitan ido ake nema. A haɗa da lambar NIN da takardar haihuwa, kuma a duba cewa suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kowace takarda. Bambancin harafi ɗaya tsakanin Muhammad da Mohammed ya isa ya tsayar da yaro ranar da za a yi masa fasfo. Kada kuma a rage shekaru, kada a koya wa yaro ya nuna nakasarsa ta fi yadda take. Masu tantancewa suna ci gaba da kallonsa a cikin gasa, kuma hukuncin yaudara dakatarwa ne, har da kocin.

Yadda za ku zama ƙungiyar da ake amsa wa wasiƙa

Ku fara da littafi mai bango mai ƙarfi. A rubuta sunan kowane yaro, shekarunsa, lalurarsa, lambar waliyyinsa, da sa hannun iyaye ga wanda bai kai 18 ba. Kowace ranar atisaye a yi rajistar waɗanda suka zo. Wata uku na wannan littafi, da hotuna da ɗan bidiyo na waya, ya fi doguwar wasiƙar roƙo tasiri, domin duk mai ba da tallafi abin da yake tsoro shi ne ƙungiyar da ta wanzu a takarda kawai. Ku zaɓi shugaba, sakatare da ma'aji, kuma aƙalla biyu daga cikinsu su kasance masu nakasar ne da kansu. Ku rubuta tsarin mulki na shafi biyu ko uku. Ku kai gaisuwa wurin mai unguwa da Sarkin Guragu kafin ku yi nisa. A garuruwanmu abin da aka yi ba da saninsu ba yakan gamu da cikas ba gaira ba dalili.

Daga nan sai rajista a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, sannan a ma'aikatar da ke kula da matasa da wasanni ta jiha. Wannan ya isa ku buɗe ƙofar gasar cikin gida. Rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, a matsayin amintattu tana da amfani, amma tana cin kuɗi, tana buƙatar sanarwa a jaridu da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, don haka ku bar ta sai kun kai matakin neman tallafi daga kamfani ko gidauniya. Su waɗannan za su nemi asusun banki da sunan ƙungiya. Asusun ya zama mai sa hannun mutum biyu. Kuɗin ƙungiya kada ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko da kai ne, domin zargi ya fi rashin kuɗi saurin wargaza tafiya.

Hanyar zuwa hukumomin ƙasa ta jiha take bi. Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a 1973, yana da ɓangaren masu nakasa, kuma jihohi ne ke kai tawaga, a can ne kocinan ƙasa ke zaɓen sababbi. Saboda haka mutumin da kake nema shi ne kocin ko sakataren wasannin masu nakasa na Jihar Katsina. Zuwa da kai ya fi saƙo: ka shiga mota ka je filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda aka fi sani da Karkanda, da sassafe lokacin atisaye, da littafinku a hannu. Ka tuntuɓi reshen JONAPWD na jiha a tafiya ɗaya. In za ka rubuta wasiƙa, ka yi kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya. Ka kuma san cewa kuna da doka a bayanku: dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda marigayi tsohon Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garinku, ya sa wa hannu a Janairun 2019, kuma ita ta haifar da Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa.

Me za ku roƙa? Kada ku buɗe baki da kuɗi. Hukumomin nan su ma a matse suke; ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta masu ƙafa ɗaya ta ƙasa sai da jama'a suka yi mata karo-karo kafin ta je gasar duniya a Meziko a 2018. Ku roƙi abin da ke hannunsu: gurbi a horon kocina ga mutum ɗaya daga cikinku, sanarwar ranar da masu tantancewa za su zo, gayyata zuwa gasar gwaji, littafin dokoki, da tsofaffin kayan da wata tawaga ta daina amfani da su. Kocin da aka horar yana zama a gari shekara da shekaru. Kuɗin mota da ruwan sha da rigunan wasa kuwa a gida ake nemansu, wurin 'yan kasuwa, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hali na unguwa, kuma a riƙa kai musu lissafi a rubuce duk wata uku. Ranar 3 ga Disamba, Ranar Masu Nakasa ta Duniya, dama ce ta shirya ɗan wasan nuni ku gayyato su su gani da idonsu.

Wani gargaɗi: da zarar an fara ganinku a Facebook, za a samu masu kiran waya su ce za su kai yaro gwaji Turai in an biya kuɗin fom ko na biza. Hukumar gaskiya ba ta gayyatar ɗan wasa ta bayan jiharsa, kuma ba ta karɓar kuɗi a asusun wani mutum.

Lafiya da halin rayuwa

Ƙafar da shan-inna ta taɓa tana jin zafi, don haka ƙanenka zai san in ya ji rauni. Wanda ya samu rauni a laka kuwa ba ya ji, kuma shi ne gyambon zama ke kamawa. Irin wannan a sa masa soso mai kauri, ya riƙa ɗaga jikinsa daga mazauni duk bayan minti 15 zuwa 20, a duba fatarsa bayan kowane atisaye. Jan tabon da bai baje ba alama ce ta a dakata. Masu raunin laka kuma jikinsu ba ya fitar da gumi yadda ya kamata, ga zafin bazara a Daura yana haura digiri 40, don haka daga Maris zuwa Mayu atisaye sai bayan asuba ko gab da magariba. Masu ƙwallon guragu su sa safar hannu mai kauri ko silifas a tafin hannu, a goge gefen katakon kada ya yi kaifi, a wanke boris da kananzir a sa masa man giris duk mako, domin yashinmu yana cinye shi. Kafaɗa kuwa ita ce ƙafar gurgu. Ciwon da ya wuce kwana uku a kai shi sashen gashin ƙashi, kada a ce a daure.

Abu na ƙarshe da ƙungiyoyi ke mantawa shi ne abincin yau. Wasu daga cikin yaran nan da sana'a suke ci, wasu da bara, kuma awa biyu a fili awa biyu ne na rashin samu. Kada a sa atisaye ranar Juma'a ko ranar kasuwa, kuma in an samu ɗan tallafi, kuɗin abin hawa na zuwa da komawa shi ne farkon abin da za a biya. In kuna son 'yan mata su shigo, ku samo malama da za ta tsaya musu, ku ware musu lokaci a wuri mai katanga, ku fara da ƙwallon tebur ko ɗaga ƙarfe, waɗanda ake iya yi da cikakkiyar sutura. Shi kuwa ƙanenka, a makon nan ka kai shi a rubuto takardar likita, ka auna nauyinsa a sikeli, ka ba mai walda awon bencin, sannan ya yi wata guda yana ɗaga sandar zalla ba tare da an ɗora mata ko faifai ɗaya ba, har sai tsayawar nan a ƙirji ta zauna masa.